Inna, Uwar Iskoki: Daga Fadar Alƙalawa Zuwa Boɗinga da Shagari



Babu wanda ke cikin ɗakin nan da bai san cutar da muke kira shan inna ba. Mun ga yaran da ta nakasa a bakin kasuwa da ƙofar masallaci, mun ji sunanta a rediyo, waɗansunmu ma, musamman ma'aikatan lafiya da na ƙananan hukumomi, sun sha rubuta sunan a takardun ofis. Amma da wuya a sami wanda ya tsaya ya tambayi kansa, shin wace ce wannan Inna, me kuma ta sha? Amsar tambayar nan ce nake so mu bi sawunta yau, tun daga fadar Gobir ta Alƙalawa har zuwa garuruwan da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Gwandu, watau Sifawa da Boɗinga da Shagari.

Bari in share fage tukuna. Laccar nan ta tarihi ce. Hukuncin bori a Musulunci sananne ne, malamai sun daɗe da yanke shi, ba ni kuwa da abin da zan ƙara ko in rage. Aikin mai nazarin tarihi shi ne in ya ga abu ya yi ƙarko ya nemi dalili. Inna kuwa ta yi ƙarko ƙwarai da gaske. An ci birnin da ya ɗaukaka ta tun cikin shekara ta 1808, an yi wa'azi a kanta da Larabci da Fillanci da Hausa, Turawa suka zo aka hana wasanta a fili a wurare da dama, amma ga shi hukuma da kanta tana buga sunanta a jikin bangon asibiti.

Wace ce Inna?

A Hausa, inna ita ce uwa ko 'yar'uwar uwa, haka kuma kalmar take a Fillanci. A bakin Maguzawa da 'yan bori kuwa, Inna sunan wata iska ce mace, wadda suke ɗauka uwa ce ga sauran iskoki. Turawan da suka yi rubutu a kanta sun fassara ta da kalmarsu mai nufin ƙaramar abar bauta mace, wannan fassara kuwa tana bukatar gyara. Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano gab da Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma buga littafinsa cikin 1946, ya nuna cewa Maguzawa sun yarda akwai Allah, Shi ne kuma Ya halicci kome har da iskokin. Sai dai a ganinsu Ya yi nisa da hidimomin yau da gobe. Iskoki ne ke kusa, su ke kawo ciwo su ke ɗauke shi, saboda haka su ake yi wa yanka. To, a wannan matsayi Inna take a wurinsu: halitta ce, amma mai zama kusa da rumbu da gona da shimfiɗar jariri.

Ba a cika kiran sunanta gatsau ba. Kamar yadda Bahaushiya ke sakaya sunan mijinta da na ɗanta na fari, haka ake sakaya sunan iskar da ake shakka. Sai a ce Doguwa, ko Bafilatana, ko Uwar Gona. Doguwar ma iri biyu ce, fara da baƙa. Fara ita ce ta gida, mai sauƙin lallashi. Baƙa ita ce ta daji, mai zama a tsamiya ko kuka, wadda ba ta san wasa ba. Guy Nicolas da Jacqueline Monfouga-Nicolas, Faransawan da suka yi nazarin ƙasar Maraɗi, sun yi dogon bayani a kan waɗannan Dogaye biyu cikin littattafansu na 1972 da 1975. A wani jerin iskoki za ka iske an ce Inna matar Kure ce, a wani kuma an ce matar Sarkin Aljan ce a birnin Jangare, watau birnin da 'yan bori ke cewa can iskoki ke zaune gida-gida da sarautunsu, kamar yadda Fremont Besmer ya tsara daga bakin 'yan borin Kano cikin 1983.

Ayyuka biyu aka fi danganta mata. Na farko gadi. Manomi yakan kafa wata alama a gonarsa ya bar amfaninsa a hannun Inna, wanda ya taɓa kuwa an ce cikinsa zai kumbura. A ƙauyen da ba alƙali ba dogari, wannan tsoro ba ƙaramin aiki yake yi ba, don shi ne makullin gona. Na biyu shi ne shanye jiki. An ce tana tsotse jinin hannu ko ƙafa, gaɓar ta motse ta bushe, daga nan ne aka sami kalmar shan inna. Ku lura, hannun da ke tsare dukiya shi ne ke nakasa yaro. Wanda ya yarda da ita ba ya neman halaka ta, yana neman shiri da ita ne kawai.

Hanyar shirin ita ce bori. Wanda iska ta taɓa, aka yi magani ya ƙi ji, sai a yi masa girka, watau a keɓe shi kwanaki ana ba shi jiƙe-jiƙe da turare ana koya masa yadda zai ɗauki iskar. In ya fito ya zama doki, in mace ce goɗiya. Daga nan duk sa'ad da aka kaɗa garaya ko goge ko ƙwarya, aka yi wa iskar kirarinta, sai ta hau, ta yi magana da bakinsa, ta faɗi abin da take so, sa'an nan ta sauka da atishawa. Abin da nake so ɗalibai su riƙe a nan shi ne su wane ne ke zuwa. Galibi mata ne, abin da ke kai su kuwa rashin haihuwa ne, da yawan ɓari, da wabi, da taɓin hankali, da ciwon yaro da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. In mun cire kiɗa da rawa, abin da ya rage asibitin mata ne na wancan zamani, kome kuwa za mu ce game da ingancin maganinsa.

Don me aka mai da ita Bafilatana? Jangare madubin ƙasar Hausa ce. A cikinta akwai Malam Alhaji da tawadarsa, akwai Ɗan Galadima ɗan sarki mai almubazzaranci, akwai Kuturu, akwai Bagwariya da Buzaye. Da Turawa suka ci ƙasa ma sai ga sababbin iskoki masu kakin soja sun ɓullo a ƙasar Nijar wajen 1925, waɗanda ake kira Babule. Ashe duk wanda Bahaushe ya yi hulɗa da shi har ya tsaya masa a rai, sai ya ba shi ɗaki a Jangare. A nawa ganin, Bafilatana mai tallar nono ta dace da wannan gurbi sarai. Kullum tana fitowa daga daji da ƙwaryarta, tana shiga har tsakar gida inda baƙo namiji ba ya isa, tana kawo abinci mai daɗi, sa'an nan ta koma inda ba a san makwancinta ba. An saba da ita, amma ba a gama saninta ba.

A nan zan ɗan ratse. A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani wasa da matasa ke yi, mafi shahara shi ne Dungeons & Dragons wanda ya fito cikin 1974, inda 'yan wasa ke zama kewaye da tebur kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi a wata duniya ta ƙage, suna jefa ɗan ludo don a ga wanda ya yi nasara. Masu shirya wasan sukan ƙago gumaka manya da ƙanana, kowace su ba ta suna ɗaya, da tambari ɗaya, da aiki ɗaya, da jerin abokai da abokan gaba, duk a rubuce cikin littafi ba saɓani. Na kawo wannan ne don in ja kunnen mai nazari. Abin da mutum ɗaya ya zauna ya ƙaga shi ke fitowa tsaf haka. Abin da al'umma ta yi ɗaruruwan shekaru tana tsoro ba ya shiga jadawali. Manjo A. J. N. Tremearne, wanda ya buga babban littafinsa a kan bori cikin 1914, ya yi ƙoƙarin jera iskoki kamar mai ƙidayar haraji, yawancin bayaninsa kuwa ya samo shi ne daga Hausawan Tunis da Tarabulus, waɗanda akasarinsu bauta ce ta kai su ko ta kai iyayensu ta hamada, suka tafi da iskokinsu. Aikinsa yana da amfani, amma wanda ya karanta shi ya ga saɓanin sunaye ya ce lalle ɗaya kuskure ne, bai fahimci al'amarin ba. Saɓanin nan shi ne shaidar cewa Inna ta yi yawo, ta kwana a garuruwa da yawa.

Inna ta fada

Har yanzu muna maganar iska ne. Amma a Gobir akwai wata Inna ta biyu, 'yar Adam ce mai jini da tsoka. Sarauta ce da ake naɗa wa wata babbar mace daga gidan sarauta, ana kuma lissafa ta cikin manyan fada. Bayanan da aka tattara a Tsibiri da Sabon Birni cikin ƙarni na 20, inda Gobirawa suka ci gaba da naɗa ta, sun nuna ita ce shugabar mata, ita ce kuma uwar 'yan bori na ƙasa duka. Tana da gidanta da barorinta, tana karɓar gaisuwa, tana sasanta rigingimun mata, a ranar buki kuma takan hau doki da shigar maza da malfa a kanta. Guy Nicolas ya ambaci wata iska ta gidan sarautar Gobir mai suna Takurabau, wadda ake kuma kira Inna Baƙa, hidimarta kuwa tana hannun wannan basarauciya. Irin wannan kujera ba Gobir kaɗai ke da ita ba: Katsinawan Maraɗi suna da Iya, a Daura akwai Magajiya.

Ma'anar wannan a siyasance a fili take. Sarkin Gobir Musulmi ne, yana da limamai da alƙalai, yana salla da azumi. Amma talakawansa kashi biyu ne, akwai Musulmi akwai Azna, sarautarsa kuma tana tsaye ne da ƙafa biyu. Da ƙafa ɗaya yana taka masallaci, da ɗayar kuma, ta hannun Inna, yana taka tsohon alkawarin da ke tsakanin gidansu da iskokin ƙasa. Wannan haɗin gambiza shi ne ainihin abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kira cuɗa Musulunci da ayyukan kafirci. A cikin Nurul Albabi ya ambaci masu yanka ga itatuwa da duwatsu alhali suna furta kalmar shahada, a cikin littafin nan dai kuma ya zargi malaman da ke karantar da almajirai suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ku riƙe waɗannan zargi biyu tare, don za mu ga ashe igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Tarihin yaƙin sananne ne, ba sai na daɗe a kansa ba. An yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu cikin watan Fabrairu na 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto cikin Yuni, bayan shekara huɗu kuma, cikin 1808, rundunar Muhammadu Bello ta ci Alƙalawa aka kashe Sarki Yunfa. Daga ranar nan Inna ta rasa kujerarta a sabuwar daula. Tsarin sarautun Sakkwato ya ɗauki waziri da alƙali da sarkin yaƙi, bai bar gurbi ga uwar 'yan bori ba.

Shekarun Sifawa da Boɗinga

Wajen shekara ta 1810 Shehu ya bar Gwandu ya zauna a Sifawa, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, bai koma Sakkwato ba sai cikin 1815, shekara biyu kafin rasuwarsa. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna kusa da shi a Boɗinga, Bello kuwa yana can yana gina Sakkwato. Matafiyin da ke wucewa ta nan a mota yau da wuya ya zaci cewa wannan 'yar ƙasa ta taɓa zama cibiyar daular da ta kai har Adamawa. Amma a cikin waɗannan shekaru ne, cikin 1812, aka raba kula da daula biyu, gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi. A cikinsu ne kuma aka yi rubutu mai yawan gaske: Shehu ya rubuta Sirajul Ikhwani cikin 1811 da Ta'alimul Ikhwani cikin 1813, Bello ya gama Infaƙul Maisuri cikin 1812, Abdullahi ya gama Tazyinul Waraƙati cikin 1813.

Me ya sa mutanen da suka riga suka ci yaƙi suke ta komawa kan tambayar wane ne Musulmi, wane ne kafiri? Dalili ɗaya daga waje ya zo. Shehu Muhammadu Al'amin Elkanemi na Barno ya aiko da wasiƙu, waɗanda Bello ya kawo cikin Infaƙul Maisuri, yana cewa abubuwan da ake zargin mutanensa da su, irin su kai sadaka waɗansu wurare na al'ada, saɓo ne da jahilci, ba su fitar da mutum daga addini, ana kuma samun irinsu a ƙasashen Musulmi da yawa. Mutanen Sakkwato suka amsa cewa yanka ga dutse ko itace ya wuce saɓo, shirka ce. Wannan muhawara, in kun duba da kyau, a kan irin su Inna ake yin ta, ko da ba a kira sunanta ba.

Dalili na biyu yana cikin gida, shi ne kuma na fi so mu tsaya a kansa. Jama'ar da ta yi hijira zuwa Gudu 'yan kaɗan ne, almajirai ne da iyalansu waɗanda suka yi shekaru suna sauraron wa'azi. Jama'ar da ta zauna a Sifawa da Boɗinga da Sakkwato bayan nasara kuwa ta cika ta batse. Malam Abdullahi da kansa, tun kafin a ci Alƙalawa, ya taɓa barin runduna da niyyar tafiya gabas saboda ɓacin ran ganin yadda son duniya ya shiga mutane, har ya kai Kano kafin ya komo. Sa'an nan yaƙi ya kawo ganima, cikin ganimar kuwa akwai mata masu ɗimbin yawa daga Gobir da Kabi da Zamfara, waɗanda suka shiga gidaje a matsayin ƙwaraƙwarai da kuyangi. Su ne masu daka da ɗibar ruwa, su ne masu goyo, su ne ke zaune a ɗakin mai jego. Maigida yana zaure yana karanta littafin Larabci a kan shirka, a cikin gida kuwa yaro ya kwana da zazzaɓi ya wayi gari ƙafa ta saki, tsohuwar da ke goyonsa ta san sunan abin da ya taɓa shi, ta kuma san abin da ake yi. Watau an kori Inna daga fada da takobi, sai ta biyo ayarin ganima ta shigo gidajen waɗanda suka kore ta.

Ba takobi ko fatawa da za su iya shiga wannan ɗaki. Wadda ta shiga ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa wajen 1793, ta auri Giɗaɗo ɗan Laima wanda ya zama Wazirin Bello, ta rasu cikin 1864. Tana da kimanin shekara goma sha biyar aka ci Alƙalawa, saboda haka a gabanta aka yi duk abin da na bayyana. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Bello ya sake karya Gobirawa da abokansu, da kuma rasuwarsa a Wurno cikin 1837, sai ta ɗauki aikin gadan-gadan. Ta yi waƙoƙi da Fillanci da Hausa masu sauƙin hardacewa, a kan tauhidi da tsarki da salla da tarihin mata salihai, tana kuma gargaɗin mata a kan zuwa wurin bori. Cikin 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwani, inda ta tattara abin da ya zo a kan neman waraka da kariya ta hanyar surorin Alƙur'ani. Wannan littafi ya nuna ta gane inda gizo ke saƙa. Macen da ɗanta ke kwance ba ta bukatar a gaya mata abin da aka hana kawai, tana bukatar a ba ta abin da za ta yi da hannunta da bakinta a daren nan.

Sa'an nan ta kafa 'yan taru. A kowane gari akan zaɓi dattijuwa mai hankali a naɗa ta jaji, kalmar da fatake ke kiran shugaban ayari da ita. Jaji takan tattaro tsofaffi da 'yan mata, tun da matan aure suna tsare da hidimar gida, su ɗauko sadakar hatsi da zuma da man shanu da zare, su taka har wurin Asma'u, su koyi waƙa da hukunci, su koma su koyar da na gida. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon aikin. Alamar naɗin jaji kuwa ita ce malfa da jan ƙyalle a naɗe a jikinta.

Malfar nan ita ce ta ja hankalin Jean Boyd, Baturiyar da ta yi shekaru da yawa tana koyarwa a Sakkwato, ta yi aiki da marigayi Waziri Junaidu, ta kuma buga tarihin Asma'u cikin 1989. A ganinta da gangan Asma'u ta ɗauko alamar da mata suka saba gani a kan Innar Gobir ta aza wa malamar ƙauye. Hujjar ta dogara ne a kan kamannin shiga da na aiki, mai gardama kuma yana iya cewa ai malfa kowane matafiyi yana sa ta saboda rana. Duk da haka ni na karkata ga ra'ayinta, don aikin ya fi malfar ƙarfin shaida. Shugabancin mata, da sasanta su, da zuwa wurin mara lafiya da mai naƙuda, da zama gada tsakanin matan ƙauye da masu mulki, duk abubuwan da kujerar Inna ke yi ne, an rushe kujerar an bar bukatar, su jaji suka cike gurbin.

Shagari, da sunan da ya ƙi ɓacewa

Mu gangara kudu kaɗan zuwa Shagari. Hanyar nan tsohuwa ce. Heinrich Barth ya bi ta cikin watan Mayu na 1853 daga Sakkwato zuwa Gwandu, ya ratsa Boɗinga da Shagari. Wannan yanki, har da Yabo ta Muhammadu Moyijo, ƙasar jama'ar Shehu ce tun farkon al'amari, sarautunsa kuma daga jihadi suka samo tushe. Ɗan Magajin Shagari, marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda ya fara da malamin makaranta ya kuma shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, shi ne ya haɗa hannu da Jean Boyd ɗin nan suka wallafa littafi a kan shugabancin Shehu Usmanu cikin 1978. In akwai inda za a zaci an manta da Inna sarai, to, nan ne. Amma ka tsaya a kasuwar Shagari ko ta Boɗinga ka nuna yaro mai jan ƙafa ka tambayi liman ko malamin asibiti me ya same shi, amsa ɗaya za su ba ka: shan inna. Mai faɗin ba ya nufin wata iska, kamar yadda mai cewa Maris ba ya tunawa da gunkin yaƙi na Rumawa da aka sa wa watan sunansa. Sai dai ba kowa ne ya raba kalmar da asalinta ba, a nan kuwa ne tarihi ya shafi aikin ma'aikacin hukuma kai tsaye.

Abin da likitoci suka tabbatar shi ne, ƙwayar cuta ce ke kawo ta. Tana shiga ta baki cikin ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata, ta hayayyafa a hanji, mafi yawan yaran da ta kama ba a ma ganin wata alama a jikinsu. Kimanin ɗaya cikin 200 ne take kai wa ga laka ta lalata jijiyoyin da ke motsa gaɓa, galibi ƙafa, galibi kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar. In ta lalata ba gyara, sai dai rigakafi tun kafin ta zo. Ku duba yadda siffar cutar ta dace da labarin iska. Tana zuwa farat ɗaya, ta ɗauki yaro ɗaya ta bar tara a gida guda, ta busar da gaɓa ba rauni ba jini. Kakanninmu sun lura da kyau, bayanin ne suka rasa kayan aikinsa.

Cikin 1988 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura niyyar kawar da cutar, a lokacin ana ƙiyasin tana nakasa yara 350,000 a shekara cikin ƙasashe 125. Cikin 2003 aka dakatar da rigakafin a waɗansu jihohin Arewa bisa zargin cewa an gurɓata maganin, Kano ba ta koma ba sai watan Yuli na 2004. Kada mu ɗora wa Inna laifin da ba nata ba. Abin da ya haddasa ƙauracewar nan rashin amincewa ne, ga siyasa, ga kuma tabon gwajin maganin sanƙarau da wani kamfanin Amurka ya yi a Kano cikin 1996. Amma Elisha Renne, wadda ta yi bincike a Zariya ta buga littafinta cikin 2010, ta nuna cewa tsohon bayanin iska yana nan a bakin mutane da dama. Uwar da ta ɗauka iska ce ke shanye ƙafa, me zai sa ta ga hikimar ɗiga wa lafiyayyen yaro ruwa a baki, sau da yawa kuma, alhali in ya kamu da zazzaɓin cizon sauro ta je asibiti sai a ce ta sayo magani?

Cikin 2006 an ƙidaya yara 1,122 da cutar ta nakasa a Nijeriya. Cikin 2009 Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa a kan kiwon lafiya a matakin farko, aka sa hakimai da dagatai da masu unguwa cikin aikin, aka kuma dogara ga mata 'yan gari masu shiga gida-gida, tun da namiji baƙo ba ya wuce zaure. A shekarar an sami yara 388, a shekara ta 2010 kuwa 21. Ba na cewa wannan kaɗai ne dalili, don an canza irin maganin an kuma gyara tsarin aiki. Amma duk wanda ya san labarin 'yan taru zai gane matar nan mai hijabi da akwatin ƙanƙara a kafaɗa, wadda ke sallama a ƙofar gida ta shige har ɗakin mai jego. An ga na ƙarshen masu kamuwa da asalin ƙwayar a Barno cikin 2016, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka ba da shaidar cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita.

Aikin bai ƙare a nan ba. Ƙwayar da ke cikin maganin ɗigo rayayya ce da aka raunana, in kuwa ta daɗe tana yawo cikin yaran da ba a yi wa rigakafi ba takan sake yin ƙarfi har ta nakasa. An ci gaba da samun wannan nau'i a jihohin Sakkwato da Zamfara da Kabi da Katsina a shekarun da suka biyo bayan 2020, shi ya sa ba a daina zagayen gida-gida ba. Masu shirya sanarwa sun jarraba aro kalmar foliyo, a rediyo kuma akan ji an haɗa su biyu, a ce foliyo watau shan inna. Amma mai shelar da dagaci ke turawa ya zaga gari da yamma a Sifawa ko Shagari, ya gaya wa iyaye cewa gobe masu ɗigo za su zo, da tsohon sunan yake kiran cutar, don shi ne wanda matan da ke bayan danga za su ji su gane abin da ake nufi.